Ɗan Hayar da Muka Manta a Tsohon Gida: Yadda Ƙaurar Sabar Wani Kamfanin Hatsi ta Kasance a Kumasi

Kamfanin na wani Alhaji ne a Aboabo, harkarsa masara da wake da albasa. Babban ofis yana Kumasi, sito yana Techiman, akwai ƙaramin ofis a Tamale mai kula da saye daga hannun manoma, sai wakili ɗaya a Nima da ke karɓar kaya idan sun sauka Akra. Ni nake duba musu kwamfutoci bisa kwantiragi. Na gaji aikin ne daga wani ɗan'uwa da ya tafi neman kuɗi ƙasar waje, ya bar mini kalmomin sirri a rabin takarda da addu'ar fatan alheri.

Duk abin da kamfanin ke taƙama da shi yana cikin akwati ɗaya, wata saba, wato babbar kwamfutar da sauran na ofis ke dogaro da ita, da ke ajiye a ɗakin da ke bayan ofishin Hajiya akanta. A cikinta akwai kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda ƴan sana'armu ke kira VM. Idan zan yi wa Alhaji bayani nakan ce masa ya ɗauki sabar tamkar gidan haya irin na Zango: gini ɗaya, ɗakuna da yawa, kowane ɗan haya da ƙofarsa da tukunyarsa, amma famfo ɗaya da mita ɗaya. Manhajar da ke raba musu ruwa da wuta ita ce mai kula da gida, tamu kuwa VMware ESXi ce, siga ta 7. Ƴan hayar da na sani uku ne. Akwai Windows Server mai riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, shi ne kuma ke fassara sunayen kwamfutoci zuwa adireshi. Akwai wani Windows ɗin mai ɗauke da manhajar lissafi. Sai Ubuntu, wani nau'in Linux, mai ɗauke da Nextcloud, inda ake ajiye takardu, ake hira, ake kiran juna tsakanin rassa. Akwai kuma wani ƙaramin abu na huɗu mai suna "gwaji2", wanda na ɗauka tarkacen wanda na gada ne.

Dalilin tashi

Biyu ne. Na farko, ƙarfen ya tsufa, ɗaya daga cikin faifansa ya fara kunna jar fitila. Na biyu, tsarin lasisi ya canja. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, a Disamba aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma biyan kuɗin shekara-shekara, kuma lissafin ya koma bisa yawan ƙwayoyin da ke cikin firosesa, mafi ƙaranci 16 ga kowace firosesa ko da naka ba su kai ba. Tamu takwas gare ta. Ga shi kuma siga ta 7 an sanya mata ranar daina tallafi, 2 ga Oktoba 2025. Kuɗin da dala ake yanke shi, mu kuwa da sidi muke sayar da masara. Da na gama zayyana wa Alhaji, sai ya ce: "Wato gidan da na saya ne aka ce in fara biyan haya?" Na ce ba haka ba ne daidai, ranka ya daɗe, lasisinka na nan, gyara da sabuntawa ne ba za ka ƙara samu ba sai ka shiga sabon tsari. Ya ce shi dai ya ji abin da ya ji.

Babban ɗansa ya so a kwashe komai a kai gajimare, wato sabobin haya da ake shiga ta intanet, a huta da ɗakin saba. Shawara ce mai ma'ana, kuma ga wasu kamfanonin ita zan bayar. Amma kowa a ofishin yana tuna ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda, intanet ɗin Ghana ya durƙushe na kwanaki. A ranakun nan Hajiya ta ci gaba da buga rasit da duba bashi domin littafinta yana bayan bangonta. Ita ce ta kashe maganar gajimare, ba ni ba.

Muka tsaya a kan sabuwar saba da Proxmox VE a matsayin sabon mai kula da gida, manhajar wani kamfani na Biyana a ƙasar Ostiriya, wadda aka gina a kan Debian, shi ma nau'in Linux ne, da KVM, fasahar Linux ta gudanar da VM. Kyauta ake amfani da ita, mai son tallafi ya biya. Tun siga ta 8.2, da ta fito a Afrilun 2024, tana da hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi, ba sai ka yi ta juya faifai da hannu ba.

Daren Asabar

Mun zaɓi yammacin Asabar, bayan kasuwar Techiman ta watse, da nufin mu gama kafin Litinin. Ni da yaron da nake koya wa aiki muka shiga ɗakin bayan la'asar. Kwafin ajiya na ɗauka tun daren Juma'a, na kuma gwada dawo da fayil ɗaya daga ciki don in tabbatar ba fanko ba ne. Wannan kaɗai ne abin da na yi a kan lokacinsa.

Tuntuɓen farko, da na buɗe injin Nextcloud sai na tarar da hoton-lokaci, wato sinafshot, da aka ɗauka tun kafin zuwana, ba a taɓa goge shi ba. Shi hoton-lokaci idan aka ɗauke shi, ainihin faifan yakan daskare, duk sabon rubutu ya riƙa zuba a wani fayil na gefe. An yi shi ne don kwana ɗaya ko biyu, kafin a yi wani gyara mai haɗari. Namu ya shekara yana kumbura. Jawo inji mai irin wannan jela yana da nauyi ƙwarai, don haka dole a haɗe su tukuna. Maɓallin da ke yin haɗin sunansa "Delete All", suna mai tsinka zuciya, yaron har ya riƙe mini hannu yana cewa "Yaya, ka tabbata?" Ba ya goge bayanai, narkar da na gefen yake yi cikin uwar faifan. Amma ya cinye mana daga magariba har bayan isha'i, muna zaune muna kallon sandar da ba ta motsi. Aikin da ya kamata in yi tun tsakiyar mako ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar na fafe.

Sai aka fara kwashewa. Wayar da ke tsakanin sabobin biyu mai gigabit ɗaya ce, wadda a mafi kyawun hali take ɗaukar kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato wajen gigabait 400 a awa. Faifan Nextcloud ya haura terabait ɗaya, na ƙiyasta awa uku zuwa huɗu. Can wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta. Sabobin biyu suna kan batirin ko-ta-kwana, ko gezau ba su yi ba. Amma suwic ɗin da ke haɗa su, ashe a soket ɗin bango yake. Kafin mai gadi ya tayar da janareta, kwashewar ta yanke, sai daga farko. Dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙo ba ne a garin nan, laifin na wanda bai bi kowace waya da ido ya ga inda ta ƙare ba ne.

Lahadi: Windows ya ƙi tashi

Da hantsi duk ukun sun sauka a sabon gida. Na kunna Windows na farko, ya nuna tambarinsa, sai shuɗin allo: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ma'anarsa mai sauƙi ce, ya farka ya rasa hanyar zuwa faifansa. A tsohon gida ta wata irin ƙofa yake shiga, ni kuwa don son gudu na sauya masa zuwa VirtIO SCSI, wadda ta fi sauri a KVM, alhali Windows bai zo da direbanta ba, wato ƴar manhajar da ke koya masa amfani da ita. Maganin sananne ne ga duk wanda ya taɓa yin wannan ƙaura. A mayar da faifan kan SATA, wadda Windows ya sani tun haihuwa, ya tashi. A sanya masa tarin direbobin virtio-win. Sannan a liƙa masa ɗan ƙaramin faifan banza na gigabait ɗaya a kan VirtIO SCSI, domin ya ga na'urar da idonsa ya ɗora direban cikin waɗanda yake tashi da su. Daga nan a kashe, a cire na banzan, a mayar da ainihin faifan kan sabuwar ƙofa, a gyara jerin abin da ake fara tashi da shi. Wanda ya tsallake matakin faifan banza zai sake ganin shuɗin allon, ko da direban yana ciki. Na kuma manta ban cire VMware Tools, tarin direbobin VMware da ke cikin injin, ba tun yana tsohon gida, cire shi a sabon wuri kuwa gardama yake yi, sai da na bi shi guntu-guntu.

Ya tashi, amma ba ya magana da kowa. A idon Windows, katin sadarwar da yake gani yanzu sabo ne fil, tsohon adireshin IP kuwa yana maƙale a jikin tsohon katin, wanda ya zama fatalwa: babu shi, amma rajistarsa na nan. Sai an buɗe jerin na'urori an ce ya nuna ɓoyayyu, a goge fatalwar, sannan a bai wa sabon katin adireshin. Da yake wannan injin shi ne mai fassara sunaye, muddin yana kwance komai na ofishin kwance yake. Ubuntu ma ya yi nasa: katin da yake kira ens192 ya koma ens18, takardar netplan, mai saitin sadarwarsa, kuma tana neman tsohon suna. Gyaran layi ɗaya ne.

Wani abin da ke wahalar da abokan aikinmu a Najeriya da Nijar mu bai taɓa mu ba. Windows yana ɗauka agogon ƙarfe yana kan lokacin gari, Linux kuma yana ɗauka yana kan UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya wanda ya yi daidai da GMT, sai ka ga inji ya tashi da kuskuren awa guda, alhali tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti biyar. Ghana tana kan GMT shekara duka, don haka ko ka yi kuskuren ba za ka gani ba. Na dai duba, saboda ɗabi'a.

Manhajar lissafi ce ta ɗan tayar mini da hankali. Ta buɗe, ta ce lasisinta ba na wannan kwamfutar ba ne. Masu ita sun ɗaure lasisin a lambar MAC ta katin sadarwa, ni kuwa maimakon in canja nau'in katin in bar lambarsa, goge shi na yi na ƙirƙiri sabo. Tsohuwar lambar da 00:50:56 ta fara, irin ta VMware, sabuwar kuma da BC:24:11, irin ta Proxmox. Ranar Lahadi ce, ba wanda zai ɗaga waya a ofishin dillalin manhajar. Na koma tsohuwar saba na buɗe fayil ɗin .vmx na injin, na kwafo lambar, na liƙa wa sabon katin. Ta karɓa. Daga wannan lokacin na rubuta da babban baƙi a jikin tsohuwar saba cewa kada a kunna tsofaffin injinan uku, domin lamba ɗaya a wuri biyu rikici ne, mai riƙe da sunayen ma'aikata kuma idan ya zama tagwaye ɓarnarsa ta fi haka.

Kafin magariba na gwada komai. Takardu suna buɗewa, rasit yana fita, na kira yaron ta Nextcloud Talk yana tsaye a bakin ƙofa, muka ji juna tangaram. Na kashe tsohuwar saba gaba ɗaya, har da "gwaji2", na tafi gida na kwanta.

Litinin: waya na ƙara, murya ba ta zuwa

Wajen ƙarfe goma Hajiya ta kira ni. "Malam, mutanen Tamale sun ce kira yana shiga, a ɗauka, shiru. Kowa na ta sallama shi kaɗai." Saƙon rubutu yana tafiya, saƙon murya yana tafiya, hotunan takardun lodi suna isowa. Kiran kai-tsaye ne kawai ya mutu, shi ma ba ko'ina ba. Cikin ofis lafiya lau. Da sito na Techiman, idan suna kan Wi-Fi, yakan yi. Da Tamale da wakilin Nima, waɗanda ke kan datar waya, ko sau ɗaya.

Amsar da ke bakin kowa ita ce "netwok ne", ni ma ita na fara bayarwa, kuma ina jin kunyar hakan. Na ɓata yinin Litinin ina zargin abin da ban taɓa ba, na bar abin da na taɓa. Na duba katangar tsaro ta Proxmox, a kashe take. Na duba takardar shaidar tsaro ta shafin, da sauran kwananta. Na sake kunna rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, har sau biyu. Da yamma Alhaji ya aiko a kira ni. Farashin masara a Tamale yakan motsa tsakanin safe da azahar, shi kuma ya saba ya ji muryar mai sayen kafin ya ce a ɗauka. Ya ce: "Ɗana, idan sabon gidan bai karɓe mu ba, a mayar da mu tsohon." Na ce masa Alhaji, komawa ba ta da sauƙi yanzu, domin duk cinikin yau a sabon aka rubuta shi, tsohon littafin ya tsaya a Asabar. Na roƙi kwana ɗaya. A ranar da WhatsApp suka ƙarasa ciniki, abin da muka shekara muna raba su da shi saboda takardun kamfani suna bin wayoyin mutane idan sun bar aiki.

Da dare na zauna na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun safe: me ya bambanta kiran da ke yi da wanda ba ya yi? Kira a Talk da fasahar WebRTC yake tafiya. Sabar tana haɗa mutum biyu ne kawai, kamar mai gabatarwa, daga nan murya takan bi hanya kai tsaye daga waya zuwa waya. Idan suna gida ɗaya, hanyar a buɗe take, shi ya sa gwajina na Lahadi ya yi kyau, wayoyin biyu duk a Wi-Fi ɗin ofis suke. Amma kamfanonin waya sukan tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya na waje, ta yadda ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar mutum ɗaya kai tsaye. A nan ake buƙatar na uku a tsakiya, sabar TURN, wadda kowane ɓangare zai miƙa mata muryarsa ta isar wa ɗayan. Irin aikin maigida ne a cinikin goro na da a Zangon Kumasi: baƙo daga arewa bai san mai kaya ba, mai kaya bai san baƙo ba, a zauren maigida suke haɗuwa.

To ina namu maigidan? Na shiga shafin mai gudanarwa na Talk, na ga an rubuta sabar TURN da sunan kamfanin da ƙofa ta 3478. Na danna gwaji, ya dawo da ja. Na ɗauka tana cikin Ubuntu ɗin Nextcloud, na nemi coturn, manhajar da ke yin aikin TURN, a ciki, babu shi, ba a ma taɓa sanya shi ba. Sai na buɗe rauta na karanta jerin ƙofofin da ake turawa ciki, layi-layi. Ƙofa ta 443 tana zuwa adireshin Nextcloud. Ƙofa ta 3478, UDP da TCP, tana zuwa wani adireshi mai ƙarewa da 27, wanda ba ya cikin takardata.

Da asuba na je ofis, na tayar da tsohuwar saba bayan na tabbatar injinan nan uku ba za su tashi da kansu ba, na kunna "gwaji2" shi kaɗai. Adireshinsa da 27 ya ƙare. Na kira Tamale, mai sayen ya ɗauka, na ji zakara na cara a bayansa. Ashe wanda na gada ya gina shi ne da sunan gwaji, ya yi aiki, ya bar shi a haka, sunan ya bi shi. Bai kai gigabait goma ba, jawo shi bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Na bar masa lambar MAC ɗinsa da adireshinsa, na canja masa suna zuwa abin da yake yi.

Da na karanta jerin ƙofofin rauta tun kafin ƙaura, ko na duba wane inji ne ke karɓar baƙi daga waje, da na gan shi. Na yi jerin ƴan haya ne bisa sunayen da ke rubuce a ƙofofinsu.

Sababbin abubuwan da aka yi ta ɗoki

Tun farko ɗan Alhaji ya so a haɗa ƙaurar da sabunta Nextcloud a dare ɗaya, tunda dai an riga an rufe. Na ƙi, kuma da na yarda da ban san inda zan fara neman matsalar kiran ba, ko ƙaura ce ko sabuntawa. Bayan mako uku muka yi ta. Nextcloud ba ya yarda a tsallake babbar siga, sai ɗaya bayan ɗaya, don haka muka hau daga 28 zuwa 29, muka huta kwana biyu, sannan 30. Kafin kowane mataki na ɗauki hoton-lokaci, na kuma goge shi washegari.

Siga ta 30, wadda suke kira Hub 9, ta zo da farin allo na zane da mutane da yawa za su iya rubutu a kai lokaci guda. An yi wasa da shi kwana biyu aka watsar. Mataimakin Nextcloud mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ke taƙaita rubutu da mayar da murya rubutu, ban kunna shi ba: idan a gida za a gudanar da shi yana son ƙarfe mai ƙarfi fiye da namu, hirar ma'aikatan kuma gauraye take, Hausa da Dagbanci da Turanci da yaren Asante a saƙo ɗaya. Abin da ya tayar da ƙura ƙarami ne, ya zo da siga ta 29: damar gyara saƙo bayan an aika shi. Matasa suka yi murna. Hajiya kuwa ta kira ni gefe ta ce: "Malam, idan mutum ya rubuta farashin buhu da safe, da yamma ya koma ya canja fa?" Na nuna mata cewa saƙon da aka taɓa yana ɗauke da alamar an gyara shi, kuma damar ba ta wuce awa 24. Ba ta gamsu ba, kuma ina ganin tana da gaskiya, domin alamar tana gaya maka an canja ne kawai. Ta kafa doka cewa farashi da adadin buhu ba a hira ake ajiye su ba, sai a takardar lissafi ta bai-ɗaya, wadda ke adana tsofaffin sigoginta, ko a faɗe su da saƙon murya. Abin da direbobin manyan motoci suka fi amfana da shi ma ba sabo ba ne, mahaɗin nan ne da ke ba mutum damar jefa fayil cikin jaka ba tare da ya ga abin da ke ciki ba. Su ɗauki hoton takardar lodi a Techiman su jefa, kafin mota ta iso Kumasi Hajiya ta shigar.

Tsohuwar saba ta yi wata guda a kashe, wayar sadarwarta a cire, kafin na goge faifanta. Suwic ya koma kan batiri. Akwai takarda mai shafi biyu yanzu a cikin sef ɗin Hajiya, ɗauke da sunan kowane inji, aikinsa, adireshinsa, lambar MAC ɗinsa, da ƙofar da rauta ke tura masa. Kwafin ajiya kuwa har yau a ɗaki ɗaya yake kwana da sabar. Na nemi a sayi ƙaramin akwati a ajiye a ofishin Tamale ya riƙa karɓar kwafi cikin dare, Alhaji ya ce a bari sai an sayar da albasa.